Manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion a wayar ɗalibin jami'a: inda take da amfani da inda take gazawa

Ɗalibin da ya taso a gidan Kirista yakan shiga jami'a da Littafi Mai Tsarki a ƙasan akwati, sau da yawa kyautar uwa ko ta zumuntar matasan ikkilisiyarsu. Kafin zangon farko ya ƙare littafin ya koma ƙarƙashin katifa, abin da ya rage a hannu waya ce. A gida akwai mai tashin mutum addu'ar safe, akwai mai tambayarsa ko ya je sujada. A Samaru, ko Jos, ko Maiduguri, babu mai tambaya. Shi ya sa manhajar da ɗalibi ya sa a wayarsa ba ƙaramin abu ba ce, kuma wadda aka fi gani a wayoyin ɗalibai Kiristoci ita ce ta YouVersion.

Wata ikkilisiya ce a jihar Oklahoma ta Amurka, Life.Church, ta fitar da ita a 2008. Zuwa 2021 an sauke ta sau miliyan 500. Kyauta ce, babu talla a cikinta, da gudummawar masu bayarwa ake tafiyar da ita. Tana ɗauke da juyi, wato fassarar Littafi Mai Tsarki, fiye da 3,000 a harsuna sama da 2,000. Rashin tallan nan ya cancanci yabo, domin akwai ƙananan manhajojin Littafi Mai Tsarki na Hausa da yawa da tallan caca ko na bashi ke faɗowa a tsakiyar Zabura.

Hukuncinmu a kanta kashi uku ne. A matsayin Littafi Mai Tsarki na aljihu, da wuya a samu wadda ta fi ta. A matsayin jagorar ibadar kullum, tsaka-tsaki ce, sai an yi zaɓe da hankali. A matsayin madadin zumunta kuwa, ba ta kai ba, ko kusa.

Mu fara da juyin Hausa, don nan ne ta fi burgewa. Akwai juyi biyu da ɗalibi zai fi cin karo da su. Ɗaya shi ne Littafi Mai Tsarki na Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wanda ya fito a 1979, shi ne kuma ake karantawa daga bagade a majami'u da yawa na Arewa. Ɗayan shi ne Sabon Rai Don Kowa na ƙungiyar Biblica, bugun 2020, mai Hausar yau da kullum. Bambancinsu ba a salon magana kaɗai ya tsaya ba, har sunayen littattafai sun bambanta, kuma wannan yana rikita mutane a tsakiyar sujada. Bisharar da juyin 1979 ke kira Yahaya, sabon juyin Yohanna yake kiranta. Littafin ƙarshe a wancan Wahayin Yahaya ne, a wannan Ru'ya ta Yohanna. Mai Hadishi a wancan shi ne Mai Wa'azi a wannan. Wancan yana cewa Almasihu, wannan yana cewa Kiristi. Sai ka ga fasto ya ce a buɗe Mai Hadishi sura 3, ɗalibi yana ta jan allo sama da ƙasa bai gani ba, har an gama karatun. Maganin abin mai sauƙi ne: ka tambayi juyin da majami'arku ke karantawa, ka riƙe shi don ranar Lahadi, ɗayan kuma don nazarinka. Tsofaffin da suka haddace ayoyi daga juyin farko na 1932 za su ji sabon juyin ya fi kusa da kunnensu ta wajen sunaye, domin Yohanna da Ru'ya tun can suke.

Abin da littafin takarda ba zai iya yi maka ba shi ne kwatanta juyi. Ka taɓa aya, ka danna Compare, sai ayar ta fito a duk juyin da ka jera. Ga mai karatu da Turanci amma yana tunani da Hausa, wannan taska ce. Ka jera uku ko huɗu, kada su wuce haka: Hausa biyu, Turanci ɗaya mai bin kalma da kalma kamar ESV ko KJV, da ɗaya mai sauƙi kamar Good News. Wasiƙun Bulus, musamman Romawa sura 5 zuwa 8, su ne inda amfanin wannan ya fi fitowa, domin jimla ɗaya takan yi tsawon aya uku, kuma kowane juyi da inda yake yanka ta. Ɗalibin Nijar da ke karatu da Faransanci a Yamai ko Maraɗi zai iya jera Louis Segond na 1910 kusa da Hausa. Akwai Yarbanci, Ibo, Tibi, Fulatanci da Larabci. Ɗan Katolika ya lura da abu ɗaya: yawancin juyin littattafai 66 ne, babu Tobit, Judit, Sirak da Makabiyawa. In yana son su, sai ya ƙara juyin da ke ɗauke da su, irin NABRE na Turanci.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa da an sauke manhajar, Littafin ma ya sauka. Ba haka ba ne. Kowane juyi sai an sauke shi daban, in ba haka ba ranar da data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, farin allo za ka gani. Ka buɗe asusu na kyauta tukuna. Ka shiga wurin karatu, ka taɓa gajeren sunan juyin da ke saman allo, ka zaɓi harshe, ka danna alamar saukewa a gefen juyin. Rubutun juyi guda 'yan megabait ne, bai kai ɗan gajeren bidiyon WhatsApp ba. Bayan ka gama, kada ka yarda da alamar kawai. Ka sa wayar a yanayin jirgi, ka buɗe Obadiya ko Filimon, wato littafin da ba ka taɓa buɗewa a wayar ba. In ya buɗe, ya sauka da gaske. In Farawa ko Matiyu ka gwada, wataƙila abin da wayar ta riƙe ne daga karatun jiya, ya ruɗe ka.

Batun asusu yana da tarko. Ɗalibai da yawa imel ɗinsu ɗaya ne, wanda mai shagon intanet ya buɗe musu lokacin rajistar JAMB, kuma ba su san kalmar sirrinsa ba. Duk ayar da ka shafa wa launi, duk bayanin da ka rubuta, a asusun suke zaune, ba a wayar ba. Wannan alheri ne ranar da aka sace waya a wurin caji, domin da ka shiga asusunka a wata wayar komai zai dawo. Amma in imel ɗin ba a hannunka yake ba, rubutun shekara huɗu ya tafi ke nan. Ka yi amfani da imel ɗin da kai kaɗai ka san sirrinsa, kada ya zama na makaranta, don wannan ana iya rufe shi bayan ka gama.

Neman kalma da Hausa yana buƙatar ɗan haƙuri saboda haruffa masu lanƙwasa. Ka ƙara Hausa a allon rubutun wayarka, Gboard yana da ita, don ka iya rubuta ƙauna da ɗa da ɓata yadda suke a Littafin. In ka nema da wani rubutu ba ka samu ba, ka gwada ɗayan. Ka kuma tuna cewa a juyin da ka buɗe ake neman: wanda ya nemi Almasihu a juyin da ke cewa Kiristi zai ɗauka manhajar ce ta lalace.

Sauti yana da daɗi ga mai tafiya daga ɗakin kwana zuwa lacca, ko mai wanki ranar Asabar. Sai dai sauke rubutun juyi ba ya nufin sautinsa ya sauka. Sauti ko mai sauƙi ne yakan ci wajen rabin megabait a minti, wato awa ɗaya kusan megabait 30, kuma karanta Littafin duka da murya yana ɗaukar sama da awa 70. Mai son sauraron Hausa ba tare da data ba zai fi samun sauƙi in ya haɗa da manhajar Bible.is, ya sauke littattafan da yake so da datar dare mai rahusa. Bidiyoyin da ke shafin farko su ne ainihin masu shan data. Wasu suna da amfani sosai, musamman na BibleProject masu zana tsarin kowane littafi cikin 'yan mintoci, amma a bar su sai an samu wayfai na laburare. Sannan a ɗakin da mutum shida ko takwas ke kwana, wani Musulmi, wani ya kwana yana karatu, a sa abin sauraro a kunne. Abokin ɗakin da ya tashi sallar Asuba ya yi alwalarsa a hankali don kada ya tashe ka, ya cancanci ka rama masa da irin wannan ladabi.

Sai tsare-tsaren karatu, inda maganar ta fi tsawo, don nan ne ɗalibai suka fi jin kunyar kansu ba gaira ba dalili. Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne, 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabo. Mai son gamawa a shekara ɗaya sai ya karanta sura uku da ɗan ɗori kowace rana, wajen minti goma sha biyar zuwa ashirin. A takarda ba wuya. Amma wanda ya fara ranar 1 ga Janairu daga Farawa, sura 50, ya bi da Fitowa, sura 40, zai shiga Littafin Firistoci wajen ƙarshen watan, ya tarar da dokokin hadaya da na kuturta ba tare da mai yi masa bayani ba. In kuma jarrabawa ta zo ya yi mako biyu bai buɗe ba, bashin sura 45 ya hau kansa, aikin awa uku ko fiye. Yawanci a nan ake watsarwa. Ba rashin bangaskiya ba ne, lissafin ne bai dace da kalandar jami'a ba.

Manhajar tana da maɓallin da ake kira Catch Me Up a cikin saitin kowane tsari. Yana matsar da kwanakin, ranar da ka tsaya ta zama yau, jerin kwanakin da ka rasa ya ɓace. Mutane da yawa ba su san da shi ba, kuma shi kaɗai ya isa ya ceci tsarin da ake shirin yarwa. Duk da haka, shawarar da ta fi ita ce a auna karatun da zango, ba da shekara ba. Luka sura 24 ne, Ayyukan Manzanni 28, jimla 52, marubuci ɗaya, labari ɗaya mai ci gaba. Sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, za ka gama cikin mako goma sha ɗaya, kafin jarrabawa ta matso. A makonnin jarrabawa ka koma Zabura ɗaya a rana, ko Karin Magana mai sura 31, ka bi kwanan wata, ranar da ka rasa ba bashi. Wanda ya nace sai tsarin shekara, ya ɗauki Sabon Alkawari: sura 260, kwana biyar sau mako 52, ya faɗa daidai. Ɗan aji ɗaya kuma ya karanta Daniyel sura 1 zuwa 6 a watansa na farko. Labarin samari ne da aka raba da gida, aka sa su karatun shekara uku a harshe da ilimin wasu mutane, aka canza musu suna da abinci, suka yi fice a karatun ba tare da sun saki abin da suka riƙe ba.

Tsare-tsaren da ke da sharhi, masu kwana uku, biyar ko bakwai a kan damuwa, soyayya, kuɗi ko neman aiki, dubbai ne, kuma a nan ake buƙatar ido. Ba mutum ɗaya ya rubuta su ba. Ikkilisiyoyi, ƙungiyoyi da marubuta daban-daban ne, kowa da koyarwarsa, wasu ma ɗanɗano ne na littafin da ake so ka saya. Mafi yawansu da Turanci suke, daga Amurka, na Hausa kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta. Tsarin da ke magana a kan neman aure zai ɗauka saurayi da budurwa su kaɗai ke yanke shawara. Babu kawu, babu sadaki, babu kwamitin aure na ikkilisiya, babu tambayar ƙabila ko ɗarika, balle matsalar wanda zuciyarsa ta karkata ga mai wani addini. Tsarin da ke magana a kan jira bai san yajin aikin ASUU na 2022 ba, wanda ya zaunar da ɗalibai a gida wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bai san malamin da ke neman ɗaliba da maki ba, bai san abokin da ke ba ka amsar jarrabawa a waya da daddare ba. Kafin ka fara kowane tsari, ka duba sunan wanda ya wallafa shi a ƙasan bayanin, ka buɗe samfurin rana ta farko. In sharhin ya cika allo uku ayar kuma guda ɗaya ce tal, ra'ayin mutum za ka karanta, ba Nassi ba. In yana yi maka alkawarin arziki ko nasara cikin kwana bakwai, ka wuce. Littafin ibadar kullum na ikkilisiyarku, ko na ƙungiyoyin da suka daɗe suna aiki da ɗaliban ƙasar nan, yakan fi sanin inda ƙaya ke sukar ka.

Ayar rana ita ce abin da aka fi gani daga manhajar, domin ita ake mannawa a hoto a sa a sitatus. Tana da kyau a matsayin ƙofa, tana da haɗari in ta zama ita ce abincin duka. Filibiyawa 4:13 takan cika sitatus a daren jarrabawa, alhali Bulus daga kurkuku ya rubuta ta, kuma aya 11 da 12 suna magana ne a kan koyon gamsuwa a ƙoshi da yunwa. Wannan ma'anar ta fi amfani ga ɗalibin da garinsa ya ƙare saura kwana goma a turo masa kuɗi. Irmiya 29:11 ma haka: wasiƙa ce zuwa ga kamammu a Babila, kuma ayar da ta zo kafinta ta ce sai bayan shekara 70. Wanda ya san haka ba zai ce Allah ya yashe shi ba don an ce ya maimaita kwas. Duk ranar da ayar ta zo, ka taɓa ta ka buɗe surar gaba ɗaya. Minti huɗu ne.

Akwai kuma ƙidayar kwanakin da ka jera kana buɗe manhajar. Tana taimaka wa wasu su kafa al'ada, amma buɗewa take ƙirgawa, ba karatu ba. Ana iya jera kwana 200 ba a gama Bishara ɗaya ba, ana kuma iya karanta littafin takarda kullum ƙidayar tana nuna sifili. Kada ka auna kanka da ita.

Babban aibin manhajar ba nata ba ne, na gidan da take zaune ne. Kana tsakiyar Zabura 51 saƙon rukunin ajinku ya faɗo cewa an dawo da gwaji ƙarfe takwas, shi ke nan an tashi. Tunda ka riga ka sauke juyinka, ka kashe data kafin ka fara, ka kunna bayan ka gama. Tsarin karatu mai sharhi yana buƙatar sabis don ya buɗe shafin ranar, saboda haka ka buɗe shi tukuna sannan ka kashe. Tunatarwar da ka saita ma takan daina zuwa a wayoyin Android masu tsananin tanadin batir, domin wayar tana kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye. Ka shiga saitin batir ka cire manhajar daga cikin waɗanda ake takura wa, ko ka saita agogon wayar kawai, shi ba ya fashi. Da dare, in an ɗauke wuta, ka mai da allon baƙi ka ƙara girman rubutu, ido zai huta, abokan ɗaki ma haka.

A kula da sirri. In ka ƙara abokai a manhajar, suna iya ganin ayoyin da ka shafa da tsarin da ka fara. Ɗalibar da ta fara tsari a kan baƙin ciki ko a kan faɗawa cikin zunubin jiki ba lallai tana so 'yan zumunta su gani ba. Lokacin fara tsari ana tambaya ko kai kaɗai ne ko da abokai, akwai kuma zaɓin ɓoye shi. Bayanan da kake rubutawa ma kowanne yana da zaɓin na sirri. Ka duba kafin ka adana, ka kuma sa wa wayar makulli.

Karatu tare da abokai yana aiki in mutanen sun san juna ido da ido. Mutum huɗu ko biyar daga sashe ɗaya, tsari gajere, kowa ya rubuta layi biyu a ƙarshen karatun ranar, sannan a haɗu ranar Juma'a da yamma a ƙarƙashin bishiya a tattauna. Rukunin mutum hamsin kuwa yakan mutu a kwana na huɗu. Wannan ɓangaren ya fi amfani a lokacin hutu da yajin aiki, sa'ad da 'yan zumunta suka watse, wani a Kafanchan, wani a Biu, wani a Zuru. Amma manhaja ba za ta lura ba ka zo sujada mako uku ba, ba za ta raka ka asibitin makaranta ba, ba za ta ba ka Jibin Ubangiji ba. Don wannan akwai majami'ar makaranta, akwai ƙungiyoyin ɗalibai Kiristoci irin su FCS da aka kafa a Gindiri a 1957 da NIFES da ke nan tun 1968, akwai ƙungiyar ɗalibai 'yan Katolika, da zumuntar ɗarikoki irin su ECWA, COCIN, EYN da HEKAN. Ɗalibi ya zaɓi guda ɗaya ya zauna a cikinta. Mai yawo tsakanin zumunta huɗu, taro kowane dare, shi ne wanda sakamakonsa ke zubewa a aji biyu.

Wanda wayarsa ƙarama ce, ma'ajiyarta kullum a cike, ya nemi Bible App Lite, ƙaramar 'yar'uwarta da aka yi don wayoyin Android marasa ƙarfi da wuraren da sabis ke wahala. Ba ta da yawan kayan babbar, amma karatu ba tare da data ba shi ne ainihin aikinta. Ita ce kuma ta fi dacewa da mai shirin tafiya bautar ƙasa, inda za a yi mako uku a sansani ana biyan kuɗin caji, daga nan wataƙila a tura shi ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Kafin ranar tafiya a sauke juyi biyu, a gwada su a yanayin jirgi, a rubuta imel da kalmar sirri a takarda a ajiye a gida. Littafin nan na ƙarƙashin katifa ma a fito da shi a sa a jaka, tare da ƙaramar tocila.